Amfilin Jika 12 da Kunnen Baba

 Tun da labari ya bazu cewa ajinmu ya sayi amfili, duk malamin da ya gamu da ni sai ya tare ni da tambaya: "Malam, wane iri ne? Wat nawa ne? Mai arahar nan yana da murya kuwa?" Wannan ba magana ba ce ta tsaye a bakin hanya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Ni malami ne a wani ƙauye na ƙasar Alakos, yankin Gure, cikin jihar Damagaram. A makarantar horon malamai na koyi tsara darasi, na koyi tsayawa a gefen allo don kada in tare wa ɗalibi rubutu. Sai da na zo ƙauye na ga ajin manya ba shi da bango. Namu rumfar zana ce. Muna shiga bayan sallar isha'i, daga lokacin da hatsi ya shiga rumbu har zuwa ruwan fari. A ranin 2023 ɗalibaina 43 ne, maza a tabarmi daga gaba, mata daga gefe a bayan wata gajeriyar zana. Wutarmu kuwa farantin hasken rana ne guda, wanda muke ce wa pano, da tsohon batir da ƙwai uku. In iskar hunturu ta taso, sai ta ɗauke maganata ta kai wa awaki. Kafin wata ya ƙare muryata ta dushe.

Wahalar ta fi fitowa a wurin shifta. Kun san ƙasarmu haɗe take: ga Barebari, ga Hausawa, ga Fulani, ga Buzaye. Kowa yana jin Hausa, da ita ake ciniki. Amma Barbarci ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ. Fillanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ. Wanda ya tashi da ɗayan harsunan nan, sai ya kasa kunne ƙwarai kafin ya raba baki da baƙi, ko sabo da saɓo, ko fada da faɗa. A hira ba a lura, don sauran maganar tana nuna abin da ake nufi. A kan takarda kuwa ba wurin ɓuya.

Akwai wani dattijo a ajin, ya haura shekara 60, kowa Baba yake ce masa. Shi ne ma'ajin kwamitin rijiya. Ya daɗe yana kiran yara su rubuta masa wanda ya biya da wanda bai biya ba, kuma sau biyu lissafi ya rikice aka yi ta ka-ce-na-ce. Abin da ya kawo shi aji ke nan, yana so ya riƙe littafin da hannunsa. To, surukinsa yana sahun gaba. Ku da kanku kun san ba zai zauna kusa da shi ba. Sai ya riƙa shimfiɗa buzunsa can baya, inda hasken ƙwai yake ƙarewa.

Wata rana na yi shifta, na ce: "Ƙaya ta soke shi a ƙafa." Da Baba ya miƙo allonsa, sai ga "kaya ta soke shi a kafa". Wani saurayi ya leƙa, ya karanta da ƙarfi, aka bushe da dariya. Kwana uku buzun Baba bai zo ba. Ran na huɗu na tafi gidansa, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce mini: "Ɗana, ido yana gani, hannu yana iyawa, kunne ne ya ƙi. Maganarka tana iske ni kamar daga cikin rijiya."

Dabarar da na fara yi ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Na aro kayan wani yaro mai sa kiɗa a gidan biki: akwati har ƙugu, da fitilu ja da kore suna ta walƙiya, an rubuta 3000W a gabansa. Shi wutar gari yake ci, bolt 220, don haka sai da muka haɗa shi da wani akwatin da ke juya wutar batir. Da na ce "salamu alaikum" sai da zana ta girgiza, yaran gari suka sheƙo a guje suna tsammani biki ne. Kowace kalma tana fita da amsa-kuwwa, tana bin kanta sau uku. Baba, wanda da ƙyar na lallaso shi ya dawo, ya ce: "Yanzu kam ina ji, sai dai ban san abin da kake faɗi ba." Ba mu cika awa guda ba ƙwai suka yi ja, batir ya mutu, muka tashi cikin duhu.

Duk da haka jama'a ba su karaya ba. Maza suka haɗa jika 18, mata suka fid da jika 10 daga adashinsu. Aka danƙa mini jika 28 a gaban kowa, tun da dama ina da tafiya Damagaram. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya san yadda suke da nauyi a aljihu.

A Damagaram ban fara da masu sayarwa ba. Na nufi wani mai gyaran rediyo kusa da Kasuwar Dole, wanda na sani tun ina ɗalibi. Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya ya ce: "Malam, ka kai gangar biki wurin karatu." Abin da ya koya mini a wannan yini, da abin da na ƙara karantawa daga baya ta intanet, shi zan gaya muku a taƙaice.

Maganar da ke fitowa daga salula ko makirfo ƴar wuta ce marar ƙarfi, ba ta iya motsa takardar lasifika. Aikin amfili shi ne ya karɓe ta, ya ɗebo ƙarfi daga batir, ya fid da irinta sak, amma babba. Kamar ka ce wa ɗalibi ya kwafe rubutun littafi a kan allo da manyan baƙaƙe. In ya ƙara abin da babu, ko ya yar da ƙugiya, bai yi aiki ba, kome girman rubutun. Masu kuɗi sukan sayi akwati biyu, ɗaya na zaɓen inda magana za ta fito da daidaita ta, ɗaya na ba ta ƙarfi. Wanda aka haɗa ayyukan biyu cikin akwati guda shi ne haɗaɗɗen amfili, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi. In an ce sitiriyo kuwa, ana nufin hanya biyu ce a ciki, ta dama da ta hagu, kowace da lasifikarta, kamar yadda mutum yake da kunne biyu. Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1931.

Sai maganar wat, inda ake cin kasuwar mutane. Mai gyaran ya ɗauko wani ɗan amfili, kwalinsa ya ce 800W. Ya juya bayansa ya nuna mini wani ƙaramin rubutu: 12V 3A. Ya ce in buga. Na buga 12 sau 3, na sami 36. Ya ce: "To, abin da yake iya sha ke nan, wat 36. Ka taɓa ganin tulun da aka zuba wa guga ɗaya ya ba da guga ashirin?" Amfilin da ke aiki kai tsaye da bolt 12 na batir, abin da zai ba kowace lasifika da gaskiya bai wuce wajen wat 15 ba. Wannan ƙarya tsohuwa ce, kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba. A Amurka ta yi yawa har a 1974 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka a kan yadda za a auna wat kafin a rubuta shi a talla.

Na ce masa wat 15 ai ba zai kai ko'ina ba. Ashe kunne ba ya ƙirga yadda muke tsammani. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka biyu, sai an ninka wat wajen sau 10. Ban da haka, a fili, in nisa ya ninka biyu, abin da ke isa kunne yakan koma kashi 1 cikin 4. Ke nan matso da lasifika kusa da mai sauraro ya fi sayen ƙaton amfili. A 1978 kamfanin NAD ya fid da wani haɗaɗɗen amfili mai araha, NAD 3020, wat 20 kacal a kowane gefe. Masu sauraron kiɗa a Turai suka gwada shi da waɗanda suka ninka shi kuɗi, suka ga bai ji kunya ba, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saya a tarihin sana'ar. Ƙananan na yanzu kuwa, waɗanda galibinsu daga Sin ake kawo su, yawancinsu irin da ake kira rukunin D ne. Wajen kashi 9 cikin 10 na wutar da suka sha yana zuwa lasifika. Irin na da kusan rabin wutar yakan tafi a zafi. Ga mai tsohon batir irina, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Daga nan muka shiga kasuwa tare. Mai kanti, da ya ga mai saye, sai ya sa waƙa mai ƙaton kiɗa, ya murɗe maɓallin kauri har ƙarshe. Haka ake sayar da amfili, da bugun ƙirji. Ni kuwa na zo da shirina. Tun a gida na ɗauki kalmomi 20 a salula, irin su kare da ƙare, sara da tsara, rabi da muryata, rabi da muryar wata ɗalibata. Na roƙi mai kanti ya kashe waƙar. Na tsallaka hanya na juya baya, ƴan kabu-kabu suna ta wucewa, yaron mai gyara yana sa kalmomin a hargitse, ni kuma ina rubutawa. Wato na yi wa kaina shifta. Mutane suka taru suna kallon malamin da ya zo sayen kayan kiɗa ya ɓuge da rubutu. Hausawa suka ce gani ya kori ji, amma ranar nan ji ne ya kori gani.

Uku muka gwada da lasifika iri ɗaya. Na farko yana da fitilu, yana da amsa-kuwwar da ba a iya kashe ta gaba ɗaya, na rasa kalmomi da dama. Na biyu ya fito tsaf, amma jika 25 ne. Na uku ɗan baƙin akwati ne da bai fi tafin hannu biyu ba, maɓalli huɗu, ba ado ko kaɗan. A kan magana, na rantse ban iya raba shi da na biyu ba. Muka daidaita a jika 12. Mai gyaran ya nace in sa sauran kuɗin a lasifika, ya ce a nan murya take gyaruwa ko ta lalace. Ya sama mini tsofaffi guda biyu masu akwatin katako a jika 10. Makirfo jika 3, waya da fis jika 2. Jika 1 ta yi saura.

Ranar da na kwance kaya a gaban aji, sai wuri ya yi tsit. Shugabar mata ta ɗauki amfilin da hannu ɗaya, ta jinjina shi, ta ce: "Mushe, wannan gwangwanin kifin ne jika 12?" Wani daga baya ya ce araha ba ta ado. Wani kuma, a hankali amma na ji, ya ce kuɗin jama'a ba su da uwa. Sun ga akwatin gidan biki, sun sa rai da irinsa. Daren nan ban yi barcin kirki ba. In ajin ya ɗauka na ci kuɗinsu, ba Baba kaɗai zan rasa ba.

Kashegari na ajiye darasin da na shirya. Na rubuta kashe-kashen kuɗin a allo, suka haɗa da kansu suka sami 27, na miƙa wa shugabar mata jika 1 a gaban kowa. Sa'an nan na zagaya da amfilin, kowa ya karanta ƙaramin rubutun bayansa, muka yi 12 sau 3 tare. Na nuna musu 800 da ke jikin kwali. Saurayin nan da ya yi wa Baba dariya shi ya fara ganewa, ya ce: "Ashe kwali ma yana ƙarya." Na rataye lasifika ɗaya a ginshiƙin baya, daidai kan buzun Baba, ɗaya kuma a wajen mata. Na rage maɓallin kauri, na ɗan ƙara na siriri, na kashe amsa-kuwwa, na ce kowa ya ɗauki alli.

To, ga abin da kunnena ya shaida cikin rani uku da muka yi da shi.

A kan magana ba ni da ƙorafi. Murya tana fita kamar mutum yana zaune kusa da kai, kuma ba sai na ɗaga tawa ba. Dalilin da ya sa ya taimaki Baba shi ne, kunnen mutum in ya manyanta, siririn amo yake fara rasawa kafin mai kauri. Baƙaƙe irin su s, sh da ts kuwa a siririn suke zaune. In amfili ya cika kauri sai ya danne su. Ita ƙ wata aba gare ta: bayan ta fashe akwai ɗan shiru kaɗan kafin wasali ya biyo. Ku faɗi "kaya" da "ƙaya" a hankali za ku ji. Amsa-kuwwa tana cike wannan ɗan shirun, shi ya sa akwatin biki ya mai da ƙ ta zama k. Namu yana barin shirun yadda yake.

Sai dai kada in yaudare ku, ɓ da ɗ amfili bai warware mana su ba. Ya rage, amma har yanzu sai na sa ɗalibi ya dafa maƙogwaronsa ya ji yadda yake sauka in ya ce "ɓera". Wannan aikin malami ne, ba na sayarwa a kasuwa.

A kan kiɗa kuwa, da sauƙi da sauƙi. Mukan sa waƙa kafin a fara darasi don a taru. In na sa marigayi Malam Mamman Barka, mutumin Taskar maƙwabtanmu, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya yi suna, ya rasu a 2018, tsarkiyar guruminsa tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, gwanin daɗi. Kalangun Mamman Shata ma yana fita sarai. Amma babbar ganga ba ta da ciki a wurinsa, sai ka ji kamar ana buga ƙwarya. In ka murɗa ƙara ta wuce kashi 2 cikin 3, murya sai ta fara tsagewa, musamman in batir ya yi ƙasa. Wanda yake son amfilin biki ko na filin kokawa, kada ya ce ni na aike shi.

Sitiriyon da na ɗauka banza ne a aji, shi ma ya yi rana. Wani ƙanena ya gyara mini ɗaukar murya a salula, kalma ɗaya ta fito ta dama, ƴar'uwarta ta hagu. Sai in ɗaga takarda mai "baƙi", in ce su nuna lasifikar da ta faɗe ta. Manya da furfura suna ta nuni da yatsa suna gardama kamar yara. A daren da ake wannan wasa ba mai gyangyaɗi. Kuma ba sabon abu muka ƙago ba: tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, iyayenmu suna taruwa a gaban akwati ɗaya, su saurara, su yi muhawara.

Inda arahar ta nuna kanta shi ne jikinsa. In ka sa salula caji a batir ɗaya da shi tana kuma haɗe da shi, sai ka ji wani zuu kamar sauro, dole ka cire ɗaya. In ka kunna shi lasifika tana yin fam sau ɗaya. In makirfo ya fuskanci lasifika sai kuka mai huda kunne, amma wannan halin kowane amfili ne. Ƙura ta shiga maɓallin ƙara tun ranin farko, yana ƙaraf-ƙaraf in an taɓa shi, duk da jakar da mata suka ɗinka masa. Mai gyaran ya gargaɗe ni da abu biyu: kada in bar shi a rana, kada kuma in juya wayar batir, ja a wurin baƙa, don nan take zai ƙone. Ya ce zuciyarsa ƴar ƙwaya ce da ba ta kai farce ba, in ta mutu sau da yawa sayen sabo ya fi gyara sauƙi. Na da, masu nauyi, ana buɗe su a canza abin da ya ƙone. Wannan ita ce hasarar da ke cikin ribar, kuma ina ganin ya kamata mai saye ya san da ita tun kafin ya miƙa kuɗi. Ni dai na ɗaura jan ƙyalle a waya ɗaya, kuma ba mai haɗa shi sai ni ko shugabar mata, wadda yanzu a ɗakinta yake kwana.

Wuta kuwa ba ya ci. Awa biyu muke yi da shi da ƙwai uku, batir bai sake mutuwa a tsakiyar darasi ba. In ka raba jika 12 gida 43, kowa bai kai dala 60 ba. In an ce yau ya ƙone, irinsa zan sake saye, kuma zan sake tsallaka hanya in juya baya kafin in biya.

Baba ya karɓi littafin rijiya a ƙarshen ranin 2024. Rubutunsa manya ne, shafi ba ya ɗaukar masa fiye da suna goma, amma ba a sake kiran yaro ba. Kwanan baya ya kawo mini littafin in duba. A shafin ƙarshe ya buɗe wani sabon lissafi da kansa, yana tara dala 5, dala 10 daga ƴan aji, don a kai maɓallin ƙara gyara Damagaram kafin damina. A sama ya rubuta: "Kuɗin gyaran abin ƙara magana da ya baci." Ƙugiyar ɗ tana nan, ta ƙ tana nan. Na sa yatsa a kan kalmar ƙarshe ban ce kome ba. Ya dube ta, ya dafa maƙogwaro, ya faɗe ta sau biyu a hankali, sa'an nan ya ce: "Ɗana, ara mini biron."